Maganin da Turai ta hana, me ya kawo shi kasuwarmu?

Alhaji, tambayarka ta iso daga wajen Sinnar. Ka ce ɗanka ya karanta sunan sinadarin da ke jikin galan ɗin da kake fesa wa albasa da kuɓewa, kilorfirifos, ya duba a waya ya tarar ƙasashen Turai sun hana shi. Shi ne kake tambaya: abin da yake guba a can, ta yaya ya zama halas a nan? Ina dokokin duniya da ake ta faɗa a rediyo, ko duk taron shan shayi ne?

Gaskiya yaron ya gaya maka. Tarayyar Turai ta janye izinin kilorfirifos a farkon 2020, bayan hukumarsu ta lafiyar abinci ta ce ta kasa yanke wani ma'auni da za a ce ƙasa da shi babu illa, musamman ga ƙwaƙwalwar ɗan da ke ciki da ta ƙananan yara. Sai dai babu wata doka a duniya da ta ce in ƙasa ɗaya ta hana abu ya haramta ga kowa. Kowace ƙasa ita ke yanke wa kanta. A nan Sudan dokar magungunan ƙwari ta 1994 ce ke aiki, kuma majalisar ƙasa mai kula da magungunan ita ke yi wa magani rajista ko ta ƙi. Ni da na yi aikin kare amfanin gona a Jazira, daga baya na zauna a kan takardun rajista, abin da zan ce maka shi ne yarjejeniyoyin nan suna aiki, amma ba irin aikin da mutane ke zato ba. Yawancinsu labari suke kai wa gwamnatoci, ba kaya suke ƙwacewa a kasuwa ba. Labarin da ya fi nauyi a cikinsu kuma daga gona yake tasowa, daga wurin irinku.

Mafarin abin babu daɗi. A 1988 aka gano an jibge gangunan dattin masana'antu mai guba, fiye da tan 3,000, a wani fili a garin Koko da ke kudancin Najeriya. Daga Italiya aka kawo su, ana biyan mai filin dala 100 a wata. Shekara guda bayan haka aka ƙulla yarjejeniyar Basel a kan safarar datti mai haɗari daga wata ƙasa zuwa wata. Ƙasashen Afirka suka ga ba ta yi tsauri ba, tunda ta halatta safarar muddin mai karɓa ya yarda, sai suka yi tasu a Bamako a 1991, wadda ta hana shigo da irin wannan datti nahiyar baki ɗaya. A cikin ta Bamako akwai wani sashe da ya kamata kowane manomi ya sani: duk sinadarin da aka hana a ƙasar da ke ƙera shi saboda lafiyar mutane ko muhalli, ta ƙidaya shi a matsayin datti mai haɗari. Da ana bin wannan sashe sau da ƙafa, da rabin tambayarka bai taso ba. Sudan tana cikin waɗanda suka amince da ita. Amma yarjejeniya ce marar kuɗi, marar masu bincike a tashar jirgin ruwa. Ta fara aiki a 1998, mambobinta ba su yi zamansu na farko ba sai 2013.

Wadda ta fi shafar irin galan ɗinka ita ce ta Rotadam, da aka ƙulla a Holan a 1998, ta fara aiki a 2004. Ita wannan ba ta haramta komai ba. Sallama ce a ƙofar gida: mai kaya ba zai kutso ba sai ya yi sallama, ya faɗi abin da ke hannunsa, maigida ya ce shigo ko ya ce koma. Yadda take tafiya kuwa, in ƙasashe biyu daga yankuna biyu daban-daban na duniya suka sanar cewa sun hana wani sinadari ko sun taƙaita shi ƙwarai, sai kwamitin masana ya duba hujjojinsu. In ya gamsu ya kai wa babban taron ƙasashe. In taron ya amince, sai a sa sunan sinadarin a jerin yarjejeniyar, a aika wa kowace ƙasa takardar bayani a kan illarsa, a ba ta wata tara ta ce tana so ko ba ta so. Duk bayan wata shida ana buga amsoshin a rarraba. Ƙasar da ta ce ba ta so, wajibi ne ƙasashen da ke fitar da kaya su hana kamfanoninsu aika mata. Sinadarai sama da 50 ke cikin jerin yanzu, mafi yawansu magungunan gona.

Akwai kuma hanya ta biyu da ba a cika sani ba, alhali domin ƙasashe irin namu aka buɗe ta. Ƙasa mai tasowa ba sai ta jira kowa ba. In ta ga wani haɗin magani yana kwantar da mutanenta a yanayin da suke aiki da shi, wato cikin zafin rana, ba safar hannu, ba takalmi, famfon goyo yana yoyo a gadon baya, tana iya kai ƙara ita kaɗai. Burkina Faso ta yi haka a 2010 a kan farakwat, maganin ciyawar nan mai ƙone ganye nan da nan, bayan wani bincike a ƙauyukanta ya tattara labarin manoma sama da 50 da ya illata. Masana suka duba suka ce hujja ta cika. Da aka je babban taro a 2013 sai Indiya da Guwatamala suka ce ba su yarda ba, magana ta tsaya, domin ƙa'idar taron ita ce sai kowa da kowa ya amince. Ƙasa ɗaya tak ta ɗaga hannu, an tashi ke nan. Har yau farakwat bai shiga jerin ba, alhali Turai ta hana shi tun 2007. Farin asbestos ma, wanda ake yin rufi da bututun ruwa da shi, tun 2006 ake kawo shi taro ana mayarwa.

Kada ka ɗauka kullum mu ake cuta. Mu ma mun taɓa ɗaga hannun. Maƙwabciyarmu Chadi ta kai ƙarar fentiyon, maganin da ake fesa wa janbaki, zarzur ɗin nan da ke cinye dawa tun tana tsaye, bayan ma'aikatan feshinta sun kamu da guba. A taron 2015 Sudan ce ta ƙi. Hujjarta ita ce babu maganin da zai maye gurbinsa, kuma da zarar sunansa ya shiga jerin zai yi tsada ko ya yi wuyar samu, alhali abincin jama'a mai yawa ya rataya a kan feshin nan. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gonakin Gadarif ya ga tsuntsun nan ya sauko ba zai raina wannan tsoro ba. Amma a nawa ganin ba a yi dabara ba, tunda shiga jerin ba hani ba ne. Sudan tana iya cewa tana so, ta ci gaba da saye, bambancin kawai kowa ya san abin da yake saye. Sai a 2025 aka daidaita fentiyon ya shiga, bayan shekara goma ana ja.

Abin da ya fi ƙona wa mutane rai shi ne dokar Turai ta hana manominsu fesa abu, amma ba ta hana kamfaninsu ya ƙera shi ya sayar waje ba. Wani bincike da ƙungiyoyin bin diddigi na Public Eye da Unearthed suka fitar a 2020 ya nuna cewa a 2018 kaɗai an ba da sanarwar fitar da sama da tan 81,000 na magungunan gona da aka hana a cikin Tarayyar, kuma farakwat da ake ƙerawa a Ingila shi ne kan gaba. Faransa ta fara hana wannan ciniki daga 2022, Beljiyam ta bi sahu. Abin da Rotadam ta tanada a nan sanarwa ce: ƙasar da ta hana abu a gida, in za ta fitar da shi, sai ta rubuto wa ofishin da ƙasa mai karɓa ta ware domin haka. Takardar kuwa tana zuwa. Matsalar ita ce wanda zai buɗe ta, ya karanta, ya amsa kafin jirgi ya iso Bur Sudan, domin a ƙasashenmu sau da yawa mutum ɗaya ne ke riƙe da aikin mutum goma. Ga shi kuma kilorfirifos na yau ba lallai daga Turai yake zuwa ba, Indiya da Sin ne manyan masu ƙera shi. Amurka kuwa har yanzu ba ta tabbatar da Basel ko Rotadam ko Istokholm ba.

Yarjejeniyar Istokholm ɗin nan ita ce mai hani na gaske. An ƙulla ta a 2001, ta fara aiki a 2004, kuma tana bin sinadaran da ba sa ruɓewa, waɗanda ke daɗewa a ƙasa da ruwa, su taru a kitsen dabba da nonon uwa, iska ta kai su inda ba a taɓa fesa su ba. Da guda 12 aka fara, ciki har da DDT da aldirin da dildirin. Mu mutanen Jazira ba a ba mu labarin waɗannan. Tun tsakiyar shekarun 1940 aka fara fesa wa auduga DDT, sau ɗaya a shekara. Ƙwarin da aka nufa suka ragu, amma maganin ya tafi har da ƙwarin da ke cin ƙwari. Aka ƙara feshi, aka ƙara sababbin magunguna, jiragen sama suka karɓi aikin, zuwa ƙarshen shekarun 1970 ana yin takwas ko tara a shekara. Sai farin ƙuda, wanda da ba a damu da shi ba, ya zama annoba, yana zubar da danƙo a kan auduga har masaƙun waje suka karya mata farashi. Dattawanmu na kambo, wato matsugunan ma'aikatan gona, suna tuna lokacin: jirgi ya bi ta kan hawasha, wato gonar noman rani, ƙasa-ƙasa, mai tuta yana tsaye a bakin gona hazon maganin na sauka a kansa, ruwan tur'a, magudanar ban ruwa da ake sha ake wanka a ciki, yana nan a buɗe. A farkon shekarun 1980 aka daina DDT a gona. Endosulfan, wanda ya yi zamani bayansa, ya shiga jerin Istokholm a 2011. Naka kuma, kilorfirifos, ya shiga a taron Jeniba na watan Mayun 2025.

To me ya sa har yanzu yake kan kanta? Domin hukuncin taro ba ya hawa kan ƙasashe sai shekara guda bayan an aika musu sanarwa a hukumance, wasu ma sai sun sake amincewa da kansu. An kuma bar rangwame ga wasu amfanin gona da wasu ƙwari na ɗan lokaci, ga ƙasar da ta nema. Bayan wannan duka, sai kowace ƙasa ta gyara rajistarta, kwastan su samu umarni, 'yan kasuwa su ƙarar da abin da suka riga suka shigo da shi.

Tsohon kaya ma wani ciwo ne. In an hana magani, abin da ya rage a sito ba ya ɓacewa, kuma gangar ƙarfe ba ta jure zafin ƙasar nan, tsatsa take yi ta fara yoyo. Mutanen Hasahisa sun san zancen. A 1987 aka binne tarin magungunan da suka lalace a gefen garin, kuma mazauna unguwannin kusa sun daɗe suna kukan wari da cututtuka. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa akwai kimanin tan 50,000 na irin wannan kaya a Afirka, wani ɓangarensa kyauta ce da aka kawo domin yaƙi da fara, farar ta wuce aka bar mu da ganguna. A 2005 aka ƙaddamar da shirin kwashe su tare da Bankin Duniya, aka fara da ƙasashe bakwai: Habasha, Mali, Maroko, Najeriya, Afirka ta Kudu, Tanzaniya da Tunisiya. Babu Sudan a ciki. Aikin yana da tsada domin ba a ƙona irin wannan kaya a fili. Sai an sake ɗura shi a sababbin ganguna, an cika takardun Basel, an ɗora a jirgi zuwa Turai inda suke da murhun da zafinsa ya isa, kowane tan yana cin dubban daloli.

Yanzu mu sauko kasuwa. Ka san shagon da nake nufi, kowane gari yana da irinsa: buhunan iri a gefe, takin zamani a gefe, galan-galan jere a kan katako, wari yana tarar mutum tun daga bakin ƙofa. Mai babbar hawasha zai sayi galan a rufe. Mai 'yar gonar bakin kogi ba shi da kuɗin galan, sai ya ce a auna masa na fam kaza. Mai shago ya ɗauko robar lemo da aka sha aka yar, ya tsiyaya masa da mazurari, in babu murfi ya ɗaure bakin da leda. Daga nan duk abin da masana suka zauna a Jeniba da Rom suka tsara ya yanke. Babu suna, babu ma'aunin haɗi, babu ranar lalacewa, babu abin da likita zai karanta in yaro ya zaci lemo ne ya kurɓa. Robar nan kuma a ƙarƙashin gado take kwana, ko kusa da tulu.

Na ce ya yanke ne domin takardar da ke manne a jikin galan ita ce kaɗai ɓangaren haɗin kan duniya da ke isowa hannun manomi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa magungunan gona aji-aji bisa ƙarfin gubarsu, aka kuma ba kowane aji launi, wato zanen nan da ke ƙasan takardar. Ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Tun 2003 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da tsari ɗaya na alamomin haɗari ga dukkan sinadarai, hotuna tara a cikin jan murabba'i da ke tsaye a kan kusurwa: ƙoƙon kai da ƙasusuwa, harshen wuta, ruwa na cin hannu, mataccen kifi a gindin busasshen itace. Alamar da ke kan ganga a Jidda ita ce a Kano, ita ce a Sinnar, kuma wanda bai yi karatu ba ma zai gane. Kilorfirifos galibi zanen rawaya yake ɗauka. Amma ka lura, Alhaji, launin nan yana auna abin da zai kayar da mutum yau ne, in ya sha ko ya jiƙa jikinsa. Bai auna abin da ke taruwa a hankali ba. Dalilin da ya sa Turai ta hana shi, wato taɓa ƙwaƙwalwar jarirai, ba za ka gan shi a launin ba.

Shi wannan magani jijiyoyi yake kamawa, na ƙwaro da na mutum duka. Wanda ya shiga jikinsa da yawa za ka ga gumi na karyo masa, yawu na dalala, ƙwayar ido ta ƙanƙance, ga amai da murɗar ciki, tsoka na rawa, numfashi na sarƙewa. A cire masa tufafin da suka jiƙe, a wanke shi da ruwa da sabulu, a kwantar da shi a gefe ɗaya, a nufi asibiti da galan ɗin a hannu. Kada a ba shi madara ko mai, kada a sa shi amai da gangan. Wannan al'ada ta madara ta zama jiki a ƙauyukanmu, kuma ba ta karya guba, ɓata lokaci kawai take yi. Allurar atrofin ce maganinsa, ita kuwa sai a hannun likita. Mace mai ciki da yara kada su haɗa, kada su fesa, kada su wanke kayan mai feshi tare da kayan gida. Kuɓewa kuma da ake tsinka yau a tsinka jibi ba ta dace da maganin da ke buƙatar a jira kwanaki kafin girbi ba. Duba takardar, adadin kwanakin yana rubuce.

Wani abin da ke saurin gyara hali fiye da yarjejeniya shi ne ciniki. Bayan hanin 2020, Turai ta sauke iyakar ragowar kilorfirifos da za ta karɓa a abinci zuwa miligiram 0.01 a kilo guda, wato kusan mafi ƙanƙantar abin da na'ura ke iya ganowa. Mai riɗi ko zoɓo ko gyaɗa da ke son kayansa su shiga can, wannan hukunci ya hau kansa ko da ƙasarsa ba ta hana komai ba. 'Yan'uwanmu na Najeriya sun ɗanɗana: a 2015 Turai ta rufe ƙofa ga wakensu saboda ragowar sinadarin fiya-fiya da ake zubawa a buhu domin ƙwari. Abin takaicin shi ne kayan da aka ƙi karɓa a waje, a kasuwar gida suke ƙarewa.

Tunda samarinmu da yawa sun bar gona sun tafi neman zinare, bari in taɓa zancen zaiba, domin ita ma tana da tata yarjejeniyar. Sunanta Minamata, sunan wani gari a Japan inda aka gano wata cuta a 1956, daga baya aka tabbatar cewa ruwan dattin masana'antar Chisso mai ɗauke da zaiba ne ya gurɓata kifi, mutane suka shanye, aka haifi yara da naƙasa. An ƙulla ta a 2013, ta fara aiki a 2017. Haƙar zinare ta hannu ita ce babbar hanyar da zaiba ke shiga iska a duniya, sama da kashi ɗaya cikin uku. Wanda ya je kasuwannin zinare na wajen Abu Hamad ya ga yadda ake yi: a niƙa dutse, yaro ya shiga kwatami ya murza garin da zaiba da hannunsa tsirara, ya matse a ƙyalle, ɗan dunƙulen da ya rage a ɗora a wuta. Tururin da ke tashi ba shi da launi, ba shi da wari, shi ya sa ba a tsoronsa, sai bayan shekaru hannu ya fara rawa, mantuwa ta zo, ƙoda ta gaza. Ragowar ƙasar kuma, karta, kamfanoni ke saye su jiƙa da wata guba mai suna sayanaid don cire sauran zinaren. Yarjejeniyar ba ta hana zaiba ga masu haƙar hannu kai tsaye ba, ta dai ce ƙasar da ke da su da yawa ta tsara shirin ragewa, ta kuma kawar da ayyuka mafi muni, ciki har da ƙonawa a fili, ƙonawa a cikin unguwa, da zuba sayanaid a kan kartar da ba a cire wa zaiba ba. A watan Oktoban 2019, bayan zanga-zangar mutanen Talodi da wasu wurare, gwamnatin riƙon ƙwarya ta sanar da hana zaiba da sayanaid a haƙar ma'adinai, amma aikin bai tsaya ba. Abu mafi sauƙi da zai rage ɓarna shi ne tukunyar ƙarfe mai bututu da ake ƙona dunƙulen a ciki, tururin ya huce ya koma zaiba a sake aiki da ita. Maƙerin gari zai iya yin ta. A Zamfara kuwa, a 2010, ba zaiba ba ce, dalma ce da ke cikin dutsen da ake niƙawa a tsakar gida ta kashe yara aƙalla 400, kuma abin da ya tsayar da mutuwar shi ne likitoci da masana daga waje suka haɗu da mutanen gari aka kankare ƙasar gidaje aka ba yara magani.

Na baya-bayan nan shi ne tsarin duniya na kula da sinadarai da aka amince da shi a birnin Bon na Jamus a watan Satumban 2023, wanda ya gaji na Dubai na 2006. Yana da manufofi 28, ɗaya daga ciki ita ce a janye magungunan gona mafi haɗari kafin 2035 a inda ba a iya shawo kan haɗarinsu ba kuma akwai madadi. Ba doka ba ce mai hukunci, alkawari ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 2 suka mutu a 2019 sanadiyyar wasu sinadarai ƙalilan da aka iya ƙidaya illarsu, kusan rabi daga dalma. Lokacin da ake wancan taro na Bon mu muna cikin wata na shida na yaƙi. Madani, inda cibiyar binciken aikin gona take, ta fita hannun gwamnati a Disamban 2023, ba ta dawo ba sai Janairun 2025, ofisoshi da ɗakunan gwaji da dama a can da Khartum sun lalace ko an wawashe su. A irin wannan hali kayan fasa-ƙwauri da na jabu ne ke cika kasuwa, saboda haka galan marar lambar rajista ko marar rubutun Larabci, ka bar shi a inda ka gan shi komai arharsa.

Abin da nake so ƙungiyarku ta manoma ta yi bai fi ƙarfinta ba. Ku sayi littafi ɗaya, ku ba mutum ɗaya mai rubutu amana. Duk wanda feshi ya kwantar, ko da jiri ne da amai na yini guda, a rubuta rana da wuri, sunan maganin na kasuwa da sunan sinadarin da ke ciki, ƙarfinsa, kamfanin da ya ƙera, a ɗauki hoton takardar da waya. A rubuta yadda aka haɗa shi, abin da mutumin ya sa a jiki, awa nawa ya yi yana feshi, alamun da suka bayyana da bayan wane lokaci, an je asibiti ko ba a je ba, me ya biyo baya. Akuyar da ta sha ruwa ta mutu, kifin da ya taso a tur'a, zumar da ta watse, duk a sa. Ba sai an rubuta sunan majiyyaci ba, shekarunsa da jinsinsa sun isa. Sakatariyar Rotadam tana da fam na musamman na kai rahoton irin wannan, kuma tambayoyin da ke cikinsa kusan waɗannan ne. Ku ba za ku iya aika shi kai tsaye ba, sai ta ofishin da gwamnati ta ware, don haka kwafi ɗaya ya je ofishin kare amfanin gona na jiharku, ɗaya ga likitan da ke duba ku, asalin ya zauna a hannunku.

Galan ɗin da ke hannunka kuwa, kada ka zubar da shi a tur'a ko ka binne shi saboda tsoro, wannan ya fi fesawar muni. Ka janye shi daga kuɓewa da duk abin da ake tsinka a kai a kai, ka nemi malamin gona ya nuna maka madadi mai zanen shuɗi ko kore wanda aka yi wa rajista domin kayan lambu. Ka kulle shi nesa da ɗakin kwana da wurin abinci. Ranar da ya ƙare, a ɗauraye shi sau uku ana juye ruwan a cikin famfon feshi, sannan a huda gindinsa da wuƙa ko ƙusa, domin in ya fita gidanka da lafiyarsa wani zai tsince shi ya zuba ruwan sha.